Hannun da Ke Kwaɓa Gurasar Jibi

Wata 'yar ƙara ce ta tayar mini da wannan tunani, ƙarar da ba kowa zai kula da ita ba. A cocinmu na nan Gusau yanzu ba a gasa gurasar Jibin Ubangiji, wadda muke ci tare don tunawa da shi, ba a kuma dafa abin sha. Kwali ake sayowa cike da 'yan kofunan roba, kowanne an liƙe bakinsa, da 'yar gurasa fara sal kamar takarda a manne a kansa. In fasto ya gama addu'a ya ce a ci, sai coci duka ya ɗauki ƙarar ɓare leda, ƙyas-ƙyas-ƙyas, kamar ɓeraye sun shiga rumbu. Ban ce laifi ba ne. An ce ya fi tsabta, kuma mun yi yawa, kofi ɗaya ba zai zagaye mu ba. Amma tun da aka sa ni cikin matan da ke shirya teburin, duk Asabar ɗin da na zauna ina jera kofunan nan a tire, sai in dubi hannuna in tuna da hannun mahaifiyata, kunya ta rufe ni.

A Tsafe na yi wayo. Babanmu malamin gona ne, aiki ya kawo shi daga can kudu, kullum yana bisa keke tsakanin 'Yankuzo da Kucheri yana duba gonakin mutane. Ni kuwa yarinya ce marar magana. A makaranta ko na san amsa ba na ɗaga hannu, in malam ya kira sunana sai muryata ta maƙale a wuya. Abin da Allah ya hana wa bakina sai ya ba idona. Na san wace mata ce ke ɗingishi in ta ɗauko ruwa, na san wane benci ne ke kuka a coci, na san in Mama ta ciji leɓenta na ƙasa to akwai maganar da take haɗiyewa. Gidanmu yana gindin dutse, tsakiyar gidajen Musulmi manoma, mu kaɗai ne Kirista a layin. Cocinmu ɗan ɗaki ne na laka da rufin kwano, ƙararrawarsa wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a dalbejiya. Ba mu da fasto zaunanne, sai mai bishara, wato mai yi mana wa'azi, da matarsa. Fasto daga Gusau yake zuwa jefi-jefi, ya ba mu Jibi, wani karon ya nufi Bungudu, sai mu daɗe ba mu sake ganinsa ba. Shi ya sa zuwansa ya zama mana kamar biki.

Safiyar wancan zamani tana da tsari, kuma da kunne ake gane ta. Ladan zai kira salla, sai in ji tabarmar Mama ta yi ƙara, ta sauko ta durƙusa. Takan ce, “Ladan ba su kaɗai yake tasa ba. Abin kunya ne maƙwabci ya riga ka gaida Ubangiji.” Daga nan ƙarar guga a rijiya, sai tsintsiya, sai taɓarya daga gida zuwa gida kamar ana amsa wa juna. Ina shara tana karanto mini ayar da zan haddace, in na yi tuntuɓe ta ce in koma bakin ƙofa in sake sharar da ayar tare. Ba ta yi karatu mai zurfi ba, da yatsa take bin layi a Littafi Mai Tsarki, leɓenta na motsi. Amma ta ɗauki tafiya da Allah kamar yadda manomi ya ɗauki gona: ba a noma ta rana ɗaya a ce an gama. In wata ta yabe ta a zumuntar mata, sai ta yi dariya ta ce, “Tsarki ba farin zane ba ne da za ki saya ki ajiye a akwati. Wanki ne. Kin wanke yau, gobe ma yana jiranki.” Yanzu Littafin yana cikin wayata, har da mai karanta mini shi da murya mai daɗi, amma sau da yawa rana kan fito ta same ni ina duba saƙonnin mutane, ban ce wa Ubangiji ko sannu ba.

Mama ce ke shirya gurasar Jibi da abin sha. In aka ce fasto na tafe, Baba zai sayo alkama, ta wanke ta shanya, ta niƙa da kanta a dutse, ba ta kai wa inji, don kada ta gauraya da garin wani. Abin sha kuwa zoɓo ne, wanda mutanen garin ke kira soɓorodo, kuma ba na kasuwa ba. A bayan ɗakinmu take shuka jar yakuwa don wannan kaɗai, ko ganye ɗaya ba ma tsinka mu sa a miya. Ranar Juma'a ta yi azumi. Ranar Asabar da hantsi, kafin ta taɓa gari, akwai al'adar da matan cocin ke yi: kowace ta yafa gyale ta bi gidajen 'yan'uwa tana cewa, “In na yi miki laifi, da sani ko ba da sani ba, ki yafe mini.” Yawanci da dariya ake ƙarewa. Matar mai bishara, wata doguwa mai barkwanci, takan ce, “Laifinki ɗaya ne, ludayina ya kwana biyu a gidanki har ya fara kiranki Mama.” Amma ba wasa ba ne a wurin mahaifiyata. Ta riƙe koyarwar nan cewa wanda ya kawo baiko, wato hadaya, gaban Allah, ya tuna wani na riƙe da shi a zuciya, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Takan ce gari ba ya ɓoye hannun da ya kwaɓa shi.

Bayan katangarmu akwai wata dattijuwa da muke kira Inna. Musulma ce, mijinta manomi, tana kiwon awaki. Ita ke yi mini kitso, ita ke miƙo mana fura ta saman katanga, mu kuma mu miƙa mata shinkafa ranar Kirsimeti. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai “Shiru-shiru.” Takan ce, “Shiru-shiru, zo in ga ko an saka miki harshe yau.” Gidanta babu yaro. Sai da na ƙara wayo na fahimci ba rashin haihuwa ba ne: ta haifa, ta haifa, ta binne, babu wanda ya kai yaye. Ba a maganar a gabanta. In an yi suna a layin takan je da wuri ta yi aiki fiye da kowa, ta dawo kafin a fito da jariri.

A daminar da nake ba da labari, ruwa ya zubar da wani gefe na katangar, aka toshe da kara. Awakin Inna suka gano wurin. Mama ta yi magana, Inna ta ce za a gyara, ba a gyara ba. Kwanakin nan Mama a gajiye take. Ƙanwata tana goye, haƙori na fito mata, ba ta barin kowa ya huta, Baba kuma yana ƙauye. Wata safiya, ana saura kwana kaɗan fasto ya zo, muka dawo daga rijiya muka tarar da awaki a bayan ɗaki. Yakuwar da ta yi ja, ta kusa tsinka, sun cinye ta sai tsirarun sanduna. Mama ta sauke tulu ta tsaya. Na ga ta ciji leɓe. Inna ta leƙo ta saman katanga da taɓarya a hannu, ta ga ɓarnar, kuma maimakon ta ba da haƙuri sai ta ɗauko wasan da suka saba.

“Af! Sun sha miki soɓorodon coci? To ai sun sha albarka, bana sai tagwaye.”

Leɓen Mama ya kuɓuce. Ta ce, “Ba mamaki. Wadda ko akuya ta kasa riƙewa, don me Allah zai bar mata ɗa a hannu?”

Ban taɓa jin shiru irin na ranar ba. Ko ƙanwata da ke bayan Mama ta daina kuka. Kan Inna ya sauka daga saman katanga a hankali, na ji ta jingine taɓarya, na ji takunta zuwa ɗaki. Ranar ba a ƙarasa daka a gidan ba. Babu wanda ya ji maganar sai mu uku, kuma ni an san ba na magana.

Asabar ta zo. Baba ya dawo, ya sayo zoɓo a kasuwa, ya ce ai shi ke nan an huta. Mama ta yi zagayenta na gidajen 'yan coci ta dawo. Ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye ƙwaryar gari, ta ce in zuba mata ruwa ta wanke hannu. Na zuba. Ta durƙusa gaban ƙwaryar, ta miƙa hannu, ya tsaya a sama. Ta ce in sake zuba mata. Na sake, ta cuɗa har tsakanin yatsu, ta koma, hannun ya sake tsayawa. Sai ta ɗauki faifai ta rufe garin, ta gaya wa Baba abin da ta faɗa wa Inna, kalma da kalma, ba ta rage ba.

Baba ya ce, “Kin yi kuskure, babu shakka. Amma rana na yi, gobe fasto na nan. Ki kwaɓa, in ya so jibi ki shiga ki ba ta haƙuri. Ai ba 'yar coci ba ce, zagayen na 'yan'uwa ne.”

Mama ta ce, “Katanga ce ta raba mu, ba Allah ba.”

“To ki riƙa mata ko sabulu ne, ko goro. Kada ki shiga hannu rabbana.”

“Mai neman gafara ba ya riƙe tsaraba, kada a ce saye ya zo yi.” Ta juyo gare ni. “Tashi mu je. Kin ji lokacin da na faɗa, zo ki ji lokacin da zan janye.”

Na bi ta kamar ana jana da igiya. Muka yi sallama, ba a amsa ba, muka shiga. Inna tana zaune a inuwar rumbu tana tsince wake a faifai. Mama ta cire takalmi, ta durƙusa a ƙasa da gwiwa biyu, da goyo a bayanta. Ban taɓa ganin ta durƙusa wa mutum haka ba, sai a addu'a. Na tsaya jikin rumbu ina kallon wani ƙwaro yana ta ƙoƙarin fita daga cikin waken, don ba na iya kallon fuskar kowa.

Inna ta ce, ba ta ɗago ba, “Mi ya kawo ki gidan wadda ba ta iya riƙo ba?”

“Inna, bakina ya yi miki abin da wuƙa ba za ta yi ba. Ƙarya na yi wa Allah, na kuma zalunce ki. Ba ni da hujja. Ki yafe mini.”

“Awakina sun ci miki shuka, da kin ce in biya, da na biya. Da kin zage ni, da na rama, mu sha hura da marece. Amma kin tono mini kaburbura.” Ta ture faifan. “Tashi ki tahi. Wagga ba ƙaya ba ce da za a cire da allura.” Ta juya mana baya.

Mama ta ɗan jima a durƙushe, sannan ta ce, “Na ji, Inna,” ta tashi. Ba ta ƙara kalma ba, ba ta yi kukan da zai sa a ji tausayinta ba. Muna komawa ta ɗora mini ƙwaryar gari a ka, muka nufi gidan mai bishara.

Matarsa ta buɗe faifai ta ga gari, ta zaro ido. “Ni? Ke kin san tuwona ma sai da addu'a ake haɗiye shi. Ba ki da lafiya ne?”

Mama ta ce, “Lafiyata lau. Hannuna ne bai wanku ba.”

Barkwancin ya bar fuskar matar. Ba ta sake tambaya ba, ta karɓi ƙwaryar.

Ranar Lahadi gurasar ta fito da tauri, gefe a ƙone. Fasto ya yi ta fama kafin ta gutsuru, wani tsoho marar haƙori ya yi ta juya tasa a baki har aka gama waƙa. Kowa ya gane ba hannun Mama ba ne. Ni ban isa cin Jibi ba a lokacin, ba a yi mini baftisma ba, ina zaune dai kusa da ita ina kallo. Faranti ya biyo layinmu. Dattijon da ke riƙe da shi ya tsaya gabanta, ta haɗa hannuwanta a cinya ta sunkuyar da kai. Ya ɗauka ba ta gani ba, ya ƙara matso da shi. Ta girgiza kai. Kofin ma haka, wannan kofin tasa guda ɗaya da ake goge bakinsa da farin ƙyalle, wanda ita ce ke wanke shi da toka. A irin cocinmu, wanda faranti ya wuce shi an san ma'anarsa: ko yana ƙarƙashin horo, ko akwai abin da ya ɓoye. Na ji benci na baya ya yi kuka, na ji raɗa ta tashi kamar iska a cikin dawa. Na so ƙasa ta tsage. A raina ina cewa, wa ya sani? Wa ya ji? Don me za ta tsayar da mu tsirara a gaban mutane kan maganar da ko ɗan coci ɗaya bai ji ba?

Bayan an tashi fasto ya kira ta gindin dalbejiya, ina riƙe da ƙanwata a gefe. Ta gaya masa a taƙaice. Ya ce, “Mama, kin tuba, kin je kin roƙa. Naki ya fita. Teburin nan na masu zunubi ne da suka tuba, ba na waɗanda suka gama wankuwa ba. Da kin ci.”

Ta ce, “Na sani, Fasto. Ban yi shakkar gafarar Ubangiji ba, ya yafe mini tun jiya. Ba horo nake yi wa kaina ba. Amma matar nan tana bayan katangata da ciwon da na ji mata, ni kuma in zauna cin biki? Bari in ɗan jira ta.”

Fasto ya dube ta ya ce, “To, Allah ya gajarta jiran.”

Jiran bai gajarta ba. Aka yi girbi, aka kai dawa rumbu, fura ba ta sake haurowa katanga ba. Mata a coci suka yi ta hasashe, wata ta ce kuɗin zumunta ne, wata ta ce tsakaninta da Baba ne. Mama ba ta wanke kanta a wurin kowa ba, don wanke kanta yana nufin ta maimaita maganar, ta sake tona Inna a bakin mutane. Da hannunta ta kwaɓa laka ta gyara katangar. Kowace safiya ta tsaya jikinta ta ce, “Inna, kin tashi lafiya?” Shiru. Gobe ta sake. Ta rage magana ƙwarai, har Baba ya tambaya ko fushi take, ta ce a'a, azumin baki take yi, ta gano na ciki ya fi sauƙi. Na lura ta daina cije leɓe. In abu ya ɓata mata rai sai in ga leɓen yana motsi a hankali, kamar lokacin da take bin layi da yatsa.

Wata rana ina dawowa daga makaranta, kitson kaina ya tsufa har ya fara dunƙulewa, na ji murya daga zaure: “Shiru-shiru! Zo nan. Kanki ya zama sheƙar ungulu, uwarki ba ta gani?” Na shiga. Ta zaunar da ni tsakanin gwiwoyinta ta fara tsefewa, tana ja da ƙarfi fiye da yadda ta saba. Can ta ce, “Matar malamin cocinku ta ce uwarki ta bar yin gurasar coci. Ta ce ko ci ba ta ci. Mi ya hana ta?”

Na ƙara sunkuyar da kai. Ta ja gashin. “Ke nake tambaya.”

Na ce, “Ta ce tana jiranki.”

Hannunta ya tsaya cak a kaina. “Ni? Mi ya haɗa ni da cocinku?”

Na ce ban sani ba. Wani abu mai ɗumi ya ɗiga a bayan wuyana, ban juya ba. Da ta ci gaba da kitson, hannunta ya yi laushi.

Da aka sake cewa fasto na tafe, Mama ta niƙa alkama kamar kullum, ta rufe, da niyyar in kai gidan mai bishara. Ranar Asabar da hantsi sai muka ji sallama, ba ta saman katanga ba, ta ƙofa. Inna ce, da ƙwarya cike da busasshen zoɓo ja wur, irin na gonar ƙaninta a Kucheri. Ta dire a gaban Mama. Mama ta zame za ta durƙusa, Inna ta ce, “A'a, zauna, gwiwarki ta gaji. Magana ɗaya na zo in gaya miki, ki ji ta da kyau. Ban kasa riƙonsu ba. Da hannu biyu na riƙe su. Mai su ne ya karɓa.”

Mama ta ce, “Haka ne, Inna. Haka ne.” Sai a ranar na ga kukanta.

Inna ta ce, “Na yahe. Allah ya yahe muna baki ɗaya.” Ta share ido da bakin zane, ta harari ƙwaryar gari. “To tashi ki kwaɓa abinki. An ce waccan doguwar ta kusa kashe muku tsoho da gurasa.”

Na zuba wa Mama ruwa sau ɗaya, ta wanke, ta sa hannu cikin gari. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin gurasar nan a kan kasko, da ƙarar zoɓo yana tafasa.

Duk sun tafi yanzu, Baba da Inna da doguwar matar, Mama ce ta ƙarshe. Tsafen ma ba na zuwa kamar da, hanya ba ta da daɗin bi. Mun samu manyan gine-gine da lasifika, muna taron azumi da addu'a har a buga a allo a bakin titi, mun iya kalmomin tsarki fiye da iyayenmu. Ni kaina na yi shekaru ina koyar da 'yan mata a coci, na sha ba su labarin haƙuri da kame baki. Amma a ƙuruciya kunyar mahaifiyata na ji don faranti ya wuce ta, yanzu kuwa kunyar kaina nake ji don bai taɓa wuce ni ba.

Ƙanwata, wadda ke goye a bayan Mama ranar da ta durƙusa, tana aure a Bungudu. Lokacin ciwon Mama na ƙarshe ni na yi jinya, ita ba ta samu zuwa sosai ba, mijinta ma yana kwance. Na san haka. Amma ranar da muka dawo daga maƙabarta, ta faɗo jikina tana kuka, gajiya da baƙin ciki suka kuɓutar da leɓena, na ce, “Ki adana hawayenki. Da ranta ba ta ga ƙafarki ba.” Ta sake ni a hankali, kamar yadda kan Inna ya sauka daga katanga. Tun daga nan ba mu yi faɗa ba, ba mu kuma yi magana ba. Muna cikin zauren iyali ɗaya a waya. Takan turo hoton aya da furanni, in sa mata “Amin.” Nakan turo, ta sa mini “Amin.” Da wannan na yi ta lallashin kaina cewa muna lafiya, ina ɓare ledar kofina tare da kowa, ƙyas-ƙyas. Kofin roba ba ya tambayar hannun da ya jera shi. Babu gurasar da za ta ƙone ta tona ni, babu faranti da zai tsaya a gabana. An sauƙaƙa mana komai, har ɓuya.

Yau Asabar, gobe Jibi. Da safe na wanke hannu, na jawo kwalin, na sa wuƙa zan yanke ledarsa, hannuna ya tsaya. Na daɗe ina kallonsa, ya tsufa, jijiyoyi sun fito, sak na Mama. Na kira wata yarinyar zumunta da muke aikin tare, ta zo a kan babur. Na miƙa mata kwalin da tiren. Ta ce, “Mama, lafiya? Ko ƙafar ce ta tashi?”

Na ce, “Lafiyata lau. Hannuna ne bai wanku ba.”

Ta dubi hannun, ta dube ni, ba ta gane ba, ta ɗaure kwalin ta tafi.

Ban san abin da zan tarar a Bungudu ba. Mai yiwuwa ta juya mini baya, tana da haƙƙi. In haka ne, gobe zan zauna a wurina in haɗa hannu a cinya, masu raɗa su yi. Ɗiyata ta ga ina yafa gyale ta ce in tsaya ta saya wa innarta ko lemu ne a tasha. Na ce ta bari. Hannu rabbana zan shiga.